Me Ya Sa Mota Ke Shan Baƙin Mai?

A filinmu na Kimiyya da Fasaha na wannan mako, za mu duba wani ciwo da ke cinye aljihun direbobi da 'yan kabu-kabu, wato shan baƙin mai. Duk mai bin hanyar Gwandu zuwa Birnin Kebbi, ko ta Kalgo zuwa Jega, ya sha ganin mota tana tafe tana tuƙuƙa shuɗin hayaƙi. Wannan hayaƙin kuɗin mai motar ne ke ƙonewa.

Yadda inji ke aiki

Yawancin motoci da baburanmu suna amfani da inji mai bugu huɗu, irin wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera a 1876. A cikin injin akwai ramuka da ake kira silinda, kowanne da fistan da ke hawa da sauka a cikinsa. Fistan ya sauka ya shaƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ƙyasta wuta su fashe su tura shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa. Idan allurar inji ta nuna 3,000, kowane fistan yana hawa da sauka sau 50 a daƙiƙa ɗaya.

Saman fistan gidan wuta ne, ƙasansa gidan baƙin mai ne. Abin da ya raba gidajen biyu shi ne wasu siraran zobban ƙarfe da kanikawa ke kira ringi. Galibi uku ne a jikin kowane fistan: biyu na sama suna tare iska, na ƙasa yana kankare mai daga bangon silinda ya mayar da shi mazauninsa. Wani injiniyan jirgin ƙasa a Ingila, John Ramsbottom, shi ya fito da irin wannan zobe a shekarun 1850.

Idan iska ta saci hanya

Ko a sabon inji, 'yar iska kaɗan takan ƙwace ta gefen ringi ta gangara gidan mai. Littattafan kanikanci suna kiran wannan bulobai. Don haka ne ake sa wani ɗan bawul da mesa da ke jan iskar su mayar da ita inji ta sake ƙonewa, dabarar da ta bazu a motocin Amurka a farkon shekarun 1960.

Matsala tana farawa ne idan ringi ko bangon silinda ya cinye. Sai ɓarakar ta zama hanya mai zuwa da dawowa. Iska mai zafi tana sauka ƙasa, ta gurɓata mai da toka da ɗanyen fetur, ta cika gidan mai da matsi har ya riƙa tsiyaya ta gaskit. Shi kuma mai yana hawa sama ya ƙone tare da fetur. Ƙarfin da ya kamata ya tura mota sai ya zurare, direba ya ƙara taka totur, fetur ma ya tafi.

Me ke cinye ringi?

Na farko a ƙasarmu ita ce ƙura. Da hunturu iska tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A cikin ƙura akwai ƙwayoyin yashi da suka fi ƙarfen silinda tauri. Idan matatar iska ta yage, ko aka cire ta don ta toshe, yashin yana shiga ya riƙa goge ringi a kowane bugu.

Na biyu shi ne jinkirin juye da amfani da jabun mai. Tsohon mai yana daskarewa ya liƙe ringi a cikin gurbinsa, ya kasa buɗewa ya kama bango. Man da ake aunawa a kwalba ba tambari, ba wanda ya san abin da ke ciki. Araha ba ta ado.

Na uku zafi ne. A watan Afrilu zafin yankinmu yakan haura digiri 40. Motar da aka yi wa lodin buhunan shinkafa ko albasa fiye da ƙima, ga lagireto ba ruwa, tana iya yin zafin da zai kashe ƙarfin ringi ya kuma karce silinda. Na huɗu kuwa tsufa ne: yawancin motocin Beljiyam da ake sayowa sun riga sun ci dubban kilomitoci kafin su iso mana.

Ba kullum ne laifin ringi ba

Akwai wasu 'yan robobi a wuyan bawul da ke hana mai gangarowa cikin silinda. Idan suka bushe, mai yana ɗiga. Haka kuma idan ɗan bawul ɗin nan mai mayar da iska ya toshe ko ya maƙale, lafiyayyen inji ma sai ya sha mai. Wani lokacin kuma yoyo ne kawai, ana ganin tabonsa a ƙasa inda mota ta kwana. Gyaran waɗannan bai kai kuɗin sauke inji ba, shi ya sa bincike ya kamata ya riga gyara.

Alamomin da za a lura da su

Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa. Baƙi yana nufin fetur ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne ya shiga silinda. Idan shuɗin ya fito da safe lokacin tayar da mota sannan ya ragu, a zargi robobin bawul. Idan yana ƙaruwa lokacin da aka taka totur, a zargi ringi. Ƙwararren bakanike yana da ma'aunin matsin silinda: ya auna, ya zuba ɗan mai ta ramin filogi, ya sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne ya cinye, domin man ya toshe ɓarakar na ɗan lokaci.

A lura, ƙaramin janareta mai bugu biyu da ake haɗa wa fetur da mai, shi haka aka ƙera shi ya ƙone man. Babur irin Boxer kuwa mai bugu huɗu ne, shuɗin hayaƙi a gare shi ciwo ne.

Ga lissafi

Daga Gwandu zuwa Birnin Kebbi kimanin kilomita 50 ne. A ce direba yana zuwa ya dawo sau ɗaya a rana, motarsa kuma tana shan lita 1 a kowace kilomita 1,000. Cikin kwana 10 lita ɗaya ta tafi, a wata lita 3, alhali ƙaramar mota kusan lita 4 take ɗauka gaba ɗaya. In ya yi wata guda bai ƙara ba, injin zai iya bugawa a tsakiyar hanya da fasinjoji a ciki.

Abin yi

A riƙa zare sandar awon mai ana dubawa kafin a tayar da mota, a wuri mai daidai. A yi juye a kan lokaci. A ƙasa mai ƙura irin tamu ana yawan ba da shawarar kilomita 5,000, tare da canza filta. A sayi man da aka rufe daga kamfani, mai lambar da littafin motar ya nuna. Kada a tuƙa ba matatar iska. Zuba mai mai kauri don ɓoye hayaƙi rufa-rufa ce, ba ta mayar da ƙarfen da ya cinye.

'Yan uwa, darasin matsi da goguwar abubuwa da muke yi a ajin Fiziks shi ne wannan a aikace. Wanda gidansu ke da mota ko babur, ya roƙi baba ko yaya ya nuna masa sandar awon mai, ya kuma faɗa musu abin da launin hayaƙi ke nufi. Rigakafi ya fi magani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.