Laccoci Da Tarurrukan Makarantar Koyon Mulki: Ina Ruwan Talaka Da Su?

Mutane da yawa suna zaton laccocin da ake yi a jami'a sha'anin malamai ne da ɗalibansu, ba ruwan manomi ko ɗan kasuwa da su. Wannan zato kuskure ne, balle ga makarantun da aikinsu shi ne nazarin mulki da manufofin Gwamnati. Abin da ake muhawara a kansa a can shi ne yakan iske mutum har ƙofar gida, watau haraji, da shari'a, da rumfar kasuwa, da ɗakin shan magani.

A dubi Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, a Zariya. Ta soma cikin 1947 a matsayin wurin horad da akawuna, aka ɗaukaka ta cikin 1954, sa'an nan cikin 1962 ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ma'aikatan En'e daga larduna dabam-dabam sun sha zuwa kwas a can. Da aka kawo sabuwar dokar hukunta laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki cikin 1960, nan aka riƙa tara alƙalai ana bayyana musu ita. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma, Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa jami'o'i uku, na Zariya da Ife da Nsukka, nauyin horad da ma'aikatansu. Ƙananan hukumomin nan yanzu 774 ne, kuma ba ɗan ƙasar da ba ya ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu.

Tarurrukan irin waɗannan makarantu ba iri ɗaya ba ne. Akwai laccar jama'a, inda shaihin malami ko wani tsohon ma'aikaci zai yi jawabi, a kuma yi masa tambayoyi. Galibi shiga kyauta ne. Akwai baje-kolin littattafai da tsofaffin takardun mulki. Mai son ganin irin waɗannan takardu sai ya ziyarci Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, wanda shi ma na jami'ar ne.

Amma wanda ya fi nauyi shi ne taron ƙara wa juna sani. A nan malami yakan karanta takardar bincikensa, a ba wani ya yi mata sharhi, ya tone inda hujjarta ta yi rauni, kana a buɗe fili. Ma'ajin ƙaramar hukuma da ya shekara ashirin yana fama da kuɗin shiga yana da ikon miƙewa ya ce abin da malam ya rubuta ba zai yiwu a kasuwar ƙauye ba, ya kuma kawo dalili. Ilmin littafi da sanin aiki ba safai suke haɗuwa a ɗaki ɗaya ba, sai a irin wannan wuri. A ƙarshe akan fitad da takardar bayan taro mai ɗauke da shawarwari ga hukuma. Shawara ce dai, ba doka ba. Kuma ba boyayyen abu ba ne cewa da yawansu a kan kanta suke tsufa, ƙura ta rufe su. Wani cikas shi ne yawancin jawaban da Turanci ake yi.

Saboda haka ana jawo hankalin hakimai, da kansiloli, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata, su riƙa sauraron sanarwar irin waɗannan tarurruka. Wanda zai je ya rubuto tambayarsa tun daga gida, ya taƙaita ta, in ba ya jin Turanci ya tafi da mai yi masa fassara. Manyan tarurruka akan biya kuɗin rajista, sai a bincika tukuna. Kafin a watse kuma ya nemi kofen takardar bayan taro, ya kai gida a karanta wa jama'arsa, a ajiye ta don ranar da shugaban ƙaramar hukuma zai kawo ziyara.