Me Ya Sa Pokémon Ɗin da Ake Tayarwa Daga Burbushi Kusan Duk 'Yan Dutse Ne?

Duk wanda ya buga wasan Pokémon na farko, wanda kamfanin Game Freak ya ƙirƙira aka fitar a Japan a 1996, ya san wani kogo mai suna Mt. Moon. A can ake ajiye maka burbushin halittu biyu, a ce ka ɗauki ɗaya. Burbushi a nan shi ne ƙashi ko ɓawon dabbar da ta mutu tun zamanin da, ya daɗe a binne har ya koma dutse, irin ƙasusuwan da ake tonowa a Gadoufaoua ta Nijar. Sai ka yi ta yawo da shi a jaka har ka isa tsibirin Cinnabar, inda wani masani zai sa shi a na'ura ya miƙo maka halitta mai rai.

Kowane Pokémon yana da nau'i ɗaya ko biyu cikin 18: Wuta, Ruwa, Ciyawa, Lantarki da sauransu. Nau'in ne ke nuna wa zai ci wa a fage, kamar yadda ruwa ke kashe wuta. To, waɗanda ake tayarwa daga burbushi sun shafe shekara 23 a kan doka guda: dole a samu Dutse a jikinsu.

Omanyte da Kabuto na wancan kogo Dutse da Ruwa ne. Aerodactyl, wanda ake samu daga daskararren ƙaro, Dutse ne mai tashi sama. A 2002 aka kawo Lileep, Dutse da Ciyawa, da Anorith, Dutse da Ƙwaro. Cranidos na 2006 Dutse ne zalla, abokin zuwansa Shieldon kuma ya haɗa da Ƙarfe. Haka aka tafi har Tyrunt da Amaura na 2013. Hikimar a fili take. Abin da ya kwana miliyoyin shekaru yana dutse, ko ya farka ba zai rabu da dutsen ba. Nau'i na biyu shi ke gaya maka irin rayuwar da dabbar ta yi, a teku ko a sama ko cikin sanyi.

Sai dai gadon nan yana da tsada. Abu biyar ke karya Dutse: Ruwa, Ciyawa, Faɗa, Ƙasa da Ƙarfe. In nau'i na biyu ma yana da rauni iri ɗaya, dukan ninki huɗu yake shiga. Shi ya sa ganye ɗaya kan kwantar da Omanyte, Amaura kuwa, mai Dutse da Ƙanƙara, kyau ne da shi kamar me, amma naushi guda ya ishe shi.

A 2019 wasan Sword da Shield ya rusa dokar. A nan rabi-rabi ake samun burbushin, sai wata mai bincike, wadda a ganina ko kusa da na'ura bai kamata a bar ta ba, ta liƙa gaban wannan da bayan wancan. Halittu huɗu suka fito, babu Dutse ko ɗaya: Dracozolt, Arctozolt, Dracovish da Arctovish, haɗe-haɗen Lantarki, Ruwa, Ƙanƙara da Daragon. Dracovish kan kifi ne aka dasa a kan jelar wata dabba. Abin dariya, abin tausayi, amma a fage ya zama abin tsoro saboda wani cizo da ƙarfinsa ke ninkawa in shi ya fara kai hari.

Yankin wannan wasa an zana shi ne a kan Birtaniya, kuma 'yan wasa da dama na ganin tsokana ce ga masanan ƙasar na ƙarni na 19, waɗanda suka ɗauki ƙashin babban yatsan Iguanodon suka kafa masa a hanci kamar ƙaho. Gumakan da aka yi da wannan kuskure a 1854 suna nan tsaye a lambun Crystal Palace a Landan.