Ƙullin Guwanin a Sinadarin Gadon Ƙwayar Zazzaɓin Cizon Sauro

Manoman rani da ke bakin madatsar Guzu-Guzu a Kabo da ta Pada a Gwarzo sun san zazzaɓin cizon sauro farin sani, domin inda ruwa ya kwanta sauro ba ya rasa wurin hayayyafa. Tun da kulorokwin ya daina cin ƙwayar cutar, har Nijeriya ta koma ga magungunan atimisinin a 2005, masana ke neman wata kafa ta kama ta. Wannan takarda za ta yi bayanin ɗaya daga cikin kafofin.

An saba kwatanta sinadarin gado, wato DNA, da igiya biyu da aka tufka, kamar yadda Watson da Crick suka nuna a 1953. To, amma ba ko'ina yake haka ba. Inda harafin G, wato guwanin, ya yi yawa, huɗu-huɗu suke haɗuwa su yi faifai, kamar yadda Gellert da abokan aikinsa suka bayyana a 1962. Faya-fayen su hau kan juna, potasiyam ya zauna a tsakaninsu ya riƙe, sai igiyar ta ƙulle.

Abin lura a nan shi ne, kimanin kashi 80 cikin 100 na haruffan gadon Plasmodium falciparum A ne da T. Saboda haka wuraren ƙullin ba su da yawa, galibinsu kuwa suna ƙarshen kuromosom 14 na ƙwayar, wasu kuma kusa da ƙwayoyin gadon var, waɗanda da su take sauya riga ta ɓace wa garkuwar jiki.

Ƙaramin sinadarin da siffarsa take shimfiɗaɗɗiya yakan kwanta a kan faifan ƙarshe tamkar murfi a bakin tukunya. Ba riƙewa kawai yake yi ba, wani lokaci yakan tilasta wa igiyar ta warware ta sāke naɗuwa da wata siffa dabam, ƙullin ya ƙi kwancewa, kwafar saƙon gado ta cije a wurin. A 2018 an nuna cewa Quarfloxin, wanda asali don ciwon daji aka ƙirƙiro shi, yana kashe ƙwayar a ɗakin gwaji.

Sai dai a ganina kada mu yi gaggawa. Ɗan Adam ma yana da irin wannan ƙulli a ƙarshen nasa kuromosom, da maimaicin TTAGGG, na ƙwayar kuwa GGGTTTA ne ko GGGTTCA. Bambancin ƙanƙane ne ainun, kuma sai sinadari ya iya rarrabe su kafin a yi maganar ba yaro mai zazzaɓi a Kabo.