Karɓar Baƙi A Landan: Inda Ake Kai Su Da Abin Da Ake Ci

A kowace shekara, 'yan Najeriya mazauna Landan kan karɓi iyaye da 'yan uwa da suka je bikin kammala karatu ko hutu. Abu biyu ke ci wa mai masauki tuwo a ƙwarya: tsadar birnin da neman abincin halal.

Ta fuskar yawon buɗe ido akwai sauƙi, domin shiga gidan tarihi na British Museum kyauta ne. A can ake ajiye da ɗaruruwan kayan tagulla na Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897, waɗanda Najeriya ke neman a maido mata. Sai dai motocin bas sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, don haka kowane baƙo na buƙatar katin Oyster ko na banki.

Batun abinci ne ke buƙatar lura. Titin Edgware cike yake da gidajen abincin Larabawa, haka ma unguwar Whitechapel kusa da Masallacin Gabashin Landan tana da na 'yan Bangaladesh. Dattijon da ya ƙosa da burodi kuwa, a kai shi Peckham ya ci sakwara da miyar agushi.

Soyayyen kifi da dankali da Turawan Ingila ke alfahari da shi ma sai an tambaya, saboda wasu kan kwaɓa fulawar da giya. Kafin biya, a duba takardar kuɗi: gidajen abinci da dama kan ƙara kashi 12.5 cikin 100 na ladan hidima.