Kwamitin Kula da Lakwal a Ƙasar Arewa: Nauyin da Aka Ɗora wa Jama'a da Ikon da Aka Ba Ta

1. Gabatarwa

Wannan takarda tana bayani ne a kan yadda jama'a ke sa ido ga makarantun firamare na gwamnati a ƙasar Arewa, wato gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri, cikin jahar Doso. A da gunduma ɗaya ce, sai a shekarar 2011 aka raba ta biyu. Dogon Dutsi tana da kwamin shida: Dogon Dutsi, Matankari, Ɗan Kasari, Kiyeshe, Dogon Kirya da Sukukutan. Tibiri kuwa, wadda ba ita ce Tibirin Gobir ta jahar Maraɗi ba, tana da huɗu: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mai Ruwa.

Bisa doka, kowace lakwal ta waɗannan kwamin goma tana da kwamitin da uwayen yara ke ciki. Abin da za mu duba shi ne asalin wannan kwamiti, da yadda yake aiki, da kuma iyakar ikonsa. Ra'ayin da muke karewa shi ne cewa nauyin da aka ɗora wa jama'a ya fi ikon da aka ba ta yawa, kuma wannan giɓi ba kuɗi kaɗai ke cike shi ba, sai uwaye sun san abin da ƴaƴansu suka koya da wanda ba su koya ba.

2. Asalin kwamitin

Tun zamanin mulkin mallaka talaka ya ɗauki lakwal a matsayin kayan gwamnati. Hukuma ke gina ta, ita ke turo mushe, sarki da mai gari kuma su ke tattara yaran da za a rubuta. Bayan samun mulkin kai a 1960 an sami ƙungiyoyin uwayen yara, amma galibi aikinsu bai wuce tara gudummawa ba.

Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 da 1990 ya sa gwamnati ta kasa ɗaukar nauyin ilimi ita kaɗai. Dokar tsarin ilimi ta ranar 1 ga watan Yuni 1998, wadda aka fi sani da LOSEN, ta raba wannan nauyi tsakanin gwamnati da ƙananan hukumomi da uwaye. A kan wannan tushe ne aka fara gwada kwamitocin da ake kira COGES (Comité de gestion des établissements scolaires) a 2002, sannan tsarin raya ilimi na shekara goma (PDDE), wanda ya soma a 2003, ya rungume su.

Gwajin farko bai yi armashi ba, domin an kafa kwamitoci da yawa a takarda kawai. A 2004 hukumar Japan ta taimakon ƙasashe, JICA, ta buɗe shirin "Makaranta don Kowa" a jahar Tawa, inda aka tsayar da sharuɗɗa uku: zaɓen wakilai ta ƙuri'ar asiri, tsara aikin shekara a gaban taron gari, da bin sawun aikin. A 2007 gwamnati ta yaɗa wannan salo a duk faɗin ƙasa, har da jahar Doso. A 2012 aka sake wa kwamitin firamare suna ya koma CGDES, amma har yanzu mutane da dama "kojas" suke cewa.

3. Yadda kwamitin yake aiki

Kwamitin ya ƙunshi wakilan ƙungiyar uwayen yara (APE), da wakiliyar ƙungiyar uwaye mata (AME), da wakilin malamai, da diraktan lakwal. Shugaba daga cikin uwaye yake fitowa, dirakta kuwa shi ke riƙe da rubutu. Wannan rabon aiki yana da muhimmanci, domin inda shugaba da ma'aji ba su karanta Faransanci, duk takardar da ta shiga ko ta fita ta hannun dirakta take bi.

Ƙuri'ar asiri ita ce babban sauyin da aka kawo. A ƙasa irin Arewa, inda sarauta ke da tushe mai zurfi, zaɓe ta ɗaga hannu ba zaɓe ba ne, tunda ba wanda zai ƙi ɗan'uwan mai gari a bainar jama'a. Da ambulan da akwati, mutum na iya zaɓen wanda ya amince da riƙon amanarsa ba tare da ya ɓata da kowa ba.

Bayan zaɓe sai taron gari. A farkon shekarar karatu jama'a na haɗuwa su lissafa matsalolin lakwal, su zaɓi waɗanda za su iya magancewa da ƙarfinsu, su yanka wa kowane gida abin da zai kawo, ko kuɗi, ko damin hatsi, ko kara, ko aikin gayya. A tsakiyar shekara da ƙarshenta kwamiti na komawa gaban taron ya ba da lissafi. Kwamitocin kwamin ɗaya kuma suna haɗuwa cikin tarayya guda, wadda ke magana da ofishin magajin gari da insifektan ilimi a madadinsu.

Misali mafi bayyana na wannan aiki shi ne rumfar kara. Ana buɗe makarantu a watan Oktoba, daidai lokacin da ake girbin hatsi a Dallol Mawri. Ajin da ba shi da gini dole ya jira a kammala girbi, a sami kara, a saƙa zana, a kafa rumfa. Da ruwan farko ya sauka kuma rumfar ta tashi daga aiki. Ke nan kwamitin da ya shirya kayan rumfa da wuri ya ƙara wa yara makonni na karatu. Amma rumfar na da haɗari: gobarar da ta tashi a wata lakwal ta unguwar Pays-Bas a Yamai cikin Afrilu 2021 ta kashe yara wajen 20, wata kuma a Maraɗi cikin Nuwamba na shekarar ta kashe fiye da 20. A lokacin hukuma ta ƙiyasta irin waɗannan azuzuwa da kimanin 36.000 a ƙasar.

4. Rabon iko tsakanin matakai uku

Idan aka dubi lakwal guda, za a ga hannu uku a kanta.

Na farko, ma'aikatar ilimi, ta hannun daraktan jaha da insifektoci da masu ba malamai shawara. Ita ke tsara manhaja da jarrabawa da kalandar karatu, ita kuma ke da ikon ladabtar da ma'aikaci.

Na biyu, kwamin. An zaɓi majalisun kwamin a watan Yuli 2004, dokar ƙananan hukumomi ta fito a 2010, sannan a watan Janairu 2016 aka sa hannu kan dokokin da suka miƙa wa kwamin harkar firamare: gini da gyara, kayan aiki, taswirar inda za a buɗe makarantu, har da kula da malamai ƴan kwantaragi. Sai dai miƙa aiki daban, miƙa kuɗin aikin daban. Kwamin ta karkara, wadda ta dogara ga harajin kai da kuɗin kasuwa, ba ta iya gina azuzuwa daidai da yawan yaran da ake haifa.

Na uku, kwamitin lakwal. Shi ke karɓar littattafai da alli ya adana, shi ke kafa rumfa, ya nemi masauki ga baƙon malami, ya bi gidajen da suka cire ƴa mace daga aji. Yana da damar lura da zuwan malami ya kai ƙara, amma ba ya ɗauka, ba ya kora, ba ya canza wa kowa wurin aiki. Malami ɗan kwantaragi da ya tafi babban gari neman kuɗin wata, ko ya shiga yajin aiki saboda an makara biyansa, ba abin da shugaban kwamiti zai yi sai haƙuri ko rubuta takarda.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da yankin. Arewa na iyaka da jihohin Kabi da Sakkwato na Nijeriya, kuma bayan girbi magidanta da samari da yawa na tafiya cin rani. Wato a watannin da karatu ya fi ƙarfi, waɗanda suka rage a gari su ne mata da tsofaffi. Saboda haka kujera ɗaya da aka ware wa uwaye mata ta yi kaɗan idan aka auna ta da wanda ke ganin yaro kullum.

5. Abin da bincike ya nuna

Gwaji biyu da aka yi a wasu jahohin Nijar suna haska wannan batu. A shekarar karatu ta 2007-2008 an ɗauki makarantu 1.000 a jahohin Tawa da Damagaram, aka ba kwamitocin rabinsu tallafin kuɗi. Elizabeth Beasley da Elise Huillery, waɗanda suka nazarci sakamakon, sun ga cewa uwaye sun ƙara shiga harkar lakwal, an gyara gine-gine, ƙananan yara sun ƙara zama a aji, amma karatun yara bai ƙaru ba, har ma fashin malamai ya ɗan ƙaru. Bayanin da suka bayar shi ne uwaye na da niyya, sai dai ba su da ƙarfin da za su tsaya gaban malami.

Gwaji na biyu an yi shi a jahar Tilaberi ƴan shekaru bayan haka, kuma Eiji Kozuka ya nazarce shi. A nan an ba wasu kwamitoci kuɗi kawai, wasu kuma kuɗi tare da horo kan yadda za su gwada yara, su bayyana sakamakon a taron gari, su tsara abin yi. Kuɗi kaɗai bai sauya sakamakon jarrabawa ba, amma inda aka haɗa da horo yara sun ci gaba, musamman ta hanyar darussan ƙari bayan tashi daga aji.

Dalilin bai da wuyar fahimta. Uban da bai yi lakwal ba yana ganin rufin da ya yaye, amma ba ya ganin cewa ɗansa na aji huɗu bai iya haɗa baƙaƙe ba. Ranar da aka nuna masa a fili yara nawa ne suka iya karanta jimla guda, tambayar da zai yi wa dirakta ta sauya. Girman matsalar kuwa sananne ne: a awon PASEC na 2014, ɗaliban ƙarshen firamare na Nijar da suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai 10 cikin 100 ba, a na 2019 sun kai wajen 30 cikin 100.

6. Sauye-sauyen baya-bayan nan

Abu biyu sun sauya yanayin. A watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun kwamin da na jahohi, suka naɗa wakilan gwamnati a madadin magadan gari. Wannan ya sa kwamitin lakwal ya zama ɗaya daga cikin ƴan wuraren da talaka ke zaɓen wakilinsa, ya kuma ƙara wa tarayyar kwamitoci nauyin isar da kukan ƙauyuka.

Na biyu shi ne harshe. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Nijar ta daɗe da gwada koyarwa cikin harsunan gida, tun makarantun gwaji na 1973. A Arewa, inda kusan kowa ke jin Hausa, ba abin da ke hana a rubuta tsarin aikin shekara da littafin ma'aji da Hausa, ko da boko ko da ajami, yadda malamin allo ko wadda ta yi yaƙi da jahilci za su iya karanta wa taro.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, abubuwa huɗu ne muke gani sun cancanci kulawa a gundumomin biyu. A riƙa sabunta zaɓen kwamiti a kan lokaci, kuma ta ƙuri'ar asiri. A riƙa gwada karatu da lissafin yara a farkon shekara da ƙarshenta, a bayyana sakamakon a taron gari. A rubuta takardun kwamiti da Hausa. Sannan a wajabta wa insifekta amsa ƙarar da kwamiti ya kai kan fashin malami cikin wa'adi sananne, kamar yadda ya wajaba a biya malamin haƙƙinsa a kan kari. Idan ba a yi haka ba, jama'a za ta ci gaba da kawo kara da gudummawa kowace shekara, alhali hukuncin abin da ke gudana cikin aji yana hannun waɗanda ba ta iya tambaya.