Layin Dogon da Ya Koma Hanyar Keke

Da jirgin ƙasa ya daina bin wani ɓangare na layin dogon tsakiyar Otago a Niyu Zilan a 1990, kasuwar ƙauyukan da ke gefensa ta ja baya. Hukumar kare muhalli ta karɓi filin a 1993, aka gyara gadoji, aka buɗe hanyar keke mai kilomita 152 daga Clyde zuwa Middlemarch a 2000. Mai keke ba ya wuce gari a guje kamar mai mota. Kwanaki yake yi a hanya, dole ya ci, ya sha, ya kwana wurin mutanen ƙauye. Ganin haka gwamnatin Firaminista John Key ta ware dalar ƙasar miliyan 50 a 2009 don shimfiɗa irin waɗannan hanyoyi.

Wasu na cewa kuɗin talakawa ake kashewa don masu hali su sha iska. Amma ba ɗan kasuwar da zai gyara gadar da kowa zai hau kyauta, kuma ribar tana shiga hannun mai masauki da mai abinci. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne hayaƙin jiragen saman da ke kawo baƙi daga ƙasashen waje. Gaskiya ne, shi ya sa ya kamata gwamnati ta fi tallata hanyoyin ga 'yan ƙasa.