Tundurmi: Yadda Ake Kula da Mikin Ƙafa

A nan Waca da ƙauyukan Magariya da Dungas muna ganin masu kumburarriyar ƙafa, wato tundurmi. Wasu suna cewa sammu ne, ko an taka wani abu. Ba haka ba ne. Tsutsa ce siririya kamar zare, sauro ke sa ta a jikin mutum. Sauron nan ne mai cizon dare, mai kawo masassara. Tsutsar tana zama shekara 6 zuwa 8 cikin hanyoyin ruwan jiki, tana ɓata su, sai ruwa ya taru a ƙafa. Ita ce kuma ke kawo wa wasu maza gwaiwa.

A shekarar 2007 aka fara rabon ƙwayoyin ivermectine da albendazole a Nijar, sau ɗaya a shekara. Suna kashe ƴaƴan tsutsar cikin jini, don kada sauro ya kai wa wani. Amma ba sa saɓe ƙafar da ta riga ta kumbura.

To, me ke ƙara kumburin? Ƙaramin miki ne. Faso a diddige, cin ruwa tsakanin yatsu, ƙayar da ta soki mutum a gona, kaifin ganyen rake a fadama. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Sai ƙafa ta yi zafi, ta yi ja, kaluluwa ta fito, masassara ta kwantar da mutum kwanaki. In da damina ne, ciyawa ta ci gonarsa. Duk lokacin da ciwon ya tashi, fata tana ƙara kauri, ƙafa tana ƙara girma.

Babban maganin yana cikin gida: ruwa mai tsabta da sabulu. A wanke ƙafa safe da dare, in bai yiwu ba, a kalla da dare. A bi tsakanin yatsu da cikin ninkin fata a hankali, da hannu ko da tsumma mai laushi. Kada a goge da dutse ko soso mai kaushi. A tsane da ƙyalle mai tsabta, domin danshi ke kawo cin ruwa. Sannan a duba ko akwai sabon miki. In akwai, a shafa man da likita ya bayar. Wanda ba ya iya sunkuyawa, ɗansa ko matarsa su taimaka masa, ba a ɗaukar tundurmi ta taɓawa. A sa takalmi mai faɗi kullum. In an kwanta, a ɗora ƙafar bisa matashi.

Abin da ya fi damun mu shi ne sakiya da tsaga. Mun san darajar wanzamai, amma wannan ƙafa ba ta aska ba ce. Ruwan ba zai ƙare ba, sai dai a samu gyambo. Haka nan kada a zuba toka, ko ƙasa, ko garin batir a miki.

Ranar da ciwon ya tashi, a huta, a sha ruwa sosai, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi, ban da ruwan zafi. In ƙafa ta yi bororo, kada a fasa. A tafi likita a ranar, domin a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kuma shanye shi duka. In miki yana mugunya da wari, ko mai ciwon ya fara ruɗewa, ko mace ce mai ciki, a ɗauke shi a amalanke ko babur, kada a jira gari ya waye.